Ogana yana kwasar man janareta, ni kuma nake sa hannu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'ajin sito ne a wata ma'aikatar gwamnati a nan Zariya. Wata uku ke nan shugaban sashenmu yana ɗibar man dizal na janareta, sannan ya ce in rubuta a littafi cewa an ƙona shi. Zan iya tsallake shi in kai ƙara sama, ko hakan laifi ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin maganar ƙara, ka daina sa hannun nan daga yau. Ranar da masu binciken kuɗi suka buɗe littafin, hannunka za su gani, ba nasa ba, kuma "oga ne ya sa ni" ba ta wanke kowa a gaban kwamitin ladabtarwa. In ya sake buƙata, ka ce masa cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, a ba ni a rubuce." Galibi nan take zancen yake mutuwa.

Tsarin aikin gwamnati shi ne takarda ta bi ta hannun na gaba da kai kafin ta hau sama, shi ya sa ake rubuta sunansa a saman wasiƙa, ƙarƙashin sunan wanda aka aika wa. Amma idan shi ne ake ƙara, ba za ka ba kura ajiyar nama ba. Ka rubuta wa wanda yake sama da shi, ka ba sashen binciken kuɗi na cikin gida kwafi, ka faɗi dalilin da ya sa ka kauce masa.

Abin da ke kayar da mutane shi ne yadda suke rubutun. Kada ka ce ɓarawo ne. Ka kawo rana, yawan lita, lambar takardar fitar da kaya, da wanda yake wurin. Ka amsa cewa kai ma ka sa hannu a baya, domin gara ka faɗa da bakinka da a tono. Sannan ka tabbata an buga wa kwafinka hatimin karɓa da kwanan wata, ka ajiye shi a gida, ba a durowar ofis ba. Na sha ganin fayil ya yi ƙafa.

Wataƙila a biyo ka da takardar tuhuma. Kada fushi ya hana ka amsa ta cikin wa'adin da aka rubuta a jikinta, domin shirun ma wani laifin ne.

In an danne zancen a cikin gida, akwai ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci da rashawa, wadda aka kafa a 2000 don irin wannan almundahana. In kuma aka fara musguna maka, Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda take aiki tun 1975, tana karɓar koke kyauta, amma kada ka bari ya wuce wata 12 da faruwar abin. Batun kora ko dakatarwa ba bisa ƙa'ida ba kuwa na Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ne, kuma tana da reshe a Kaduna. Ka sanar da wakilin ƙungiyarku ta ƙwadago tun kafin ka miƙa takardar.