Ƙarfen da ke bayan zarto

Kai yaro, wai me ya sa nake yi maka faɗa duk sanda ka kwance siririn ƙarfen nan da ke tsaye a bayan zarton inji, alhali ka ga wasu a bidiyo suna tsaga katako ba shi, kuma lafiyarsu ƙalau? To, wanda inji ya cinye wa hannu da me zai riƙe wayar ya ɗauki bidiyon? Ku yaran yanzu waya ce malaminku, mu kuma mun zama masu surutu.

Ga hannuna na hagu. Ka daɗe kana satar kallonsa ka kasa tambaya. Yatsu biyu, kowanne gaɓa ɗaya babu.

Wani mutum ne ya kawo mini falankai, ya ce ƙofofi takwas yake so. Ina ɗaga na farko na ji nauyinsa, na ce masa wannan katako ɗanye ne. Ya rantse mini shekara biyu ke nan yana ajiye a inuwa. Mutum da furfurarsa, ina zan ce masa ƙarya yake? Ashe shanya su ya yi a rana, baya ya bushe, ciki kuwa ruwa ne tsundum. Ya kuma zo ya tsaya mini a ka, yana duba agogo, wai magina suna jiransa.

Da safiyar ranar na cire ƙarfen don in yi kwarmi a jikin wani katako. Tsohon inji ne, ƙarfensa ya fi zarton tsayi, dole a kwance shi in ba raba katakon biyu za a yi ba. Mayar da shi aikin minti biyar ne. Ban mayar ba. Wannan laifina ne, na yarda, amma da ba a tsaya mini a ka ba da na mayar.

Uku na farko suka wuce lafiya. Na huɗun, ina kaiwa tsakiya sai kukan inji ya sauya, ya yi ƙasa kamar an shaƙe shi, na ji ƙauri, hayaƙi ya fara tasowa. Tsagar da zarto ya buɗe ce take komawa tana rufewa a bayansa, ta matse shi. Ɗanyen katako haka yake, har busasshe ma in ya taso a murɗe tun yana bishiya. Maimakon in kashe inji, sai na miƙa hannun hagu ta bayan zarto in buɗe tsagar. Ni da nake koya wa mutane!

Ka saurara nan, don nan ne amsarka. Haƙoran gaba ƙasa suke yi, suna danne katako a kan tebur. Na baya kuwa sama suke tasowa, suna nufo ka. In katako ya matse su, sai su ɗaga shi su harbo maka. Zarto mai inci 10 yana juyi wajen sau 4,000 a minti ɗaya, wato bakin haƙorinsa yana gudun kusan kilomita 190 a awa. In mai haƙora 40 ne, haƙori sama da 2,600 ke wucewa a daƙiƙa guda. Da wane zafin nama za ka janye hannu? Falankin ya wuce ta gefen haƙarƙarina ya daki bango, ya ja hannuna ya bi ta kan zarto. Ban ma ji zafi ba, kamar an buge ni da sanda ne. Sai da na ga garin katako ya yi ja.

Ina naɗe hannu da tsumma, mutumin nan yana can yana jujjuya falankinsa, yana duba inda ya ɓaci. Ko sannu sai da ya gama dubawa. Kwana uku ya aiko a kwashe masa kaya, har da abin da na riga na yanka na gyara, ko kwabo bai ba ni ba. Ya ce ma ni zan biya shi falankin da na lalata. Ya bi gari yana cewa ban iya aiki ba. Wata biyu ban riƙe guduma ba, masu kawo aiki suka koma wani wuri, wasu har yau ba su dawo ba. Inji na yafe masa, ƙarfe ne. Shi kuwa, Allah ya isa.

Ƙarfen da kake rainawa, aikinsa ke nan: yana shiga cikin tsaga ya hana ta rufewa, ya hana katako taɓa haƙoran baya. Na injinmu na yanzu yana hawa yana sauka tare da zarto, kuma kansa bai kai saman haƙori ba, ko kwarmi za ka yi ba sai ka cire shi ba. In ka ga katako yana cijewa a jikinsa, ya goce ne daga layin zarto, sai a daidaita shi.

Tabarau, cire filogi kafin a taɓa zarto, duba ƙusa a tsohon katako, waɗannan ko wawa ya sani, ba zan ɓata bakina ba. Abin da nake gani kana yi ne zan faɗa. Kana ɗaga zarto sama kamar za ka yanka gungume. Haƙori ya leƙo saman katako da milimita 5 ko 6 ya isa. Kana tsayawa saitin zarto, cikinka a buɗe; koma gefe. Katako in ya yi siriri, ɗauki sandar turi, tana nan rataye tana shan ƙura. In za ka yanka a gicciye, kada ka jingina ƙarshen katakon da ƙarfen gefe, wanda katako ke bi in ana tsaga shi a tsaye, guntun zai maƙale tsakaninsu ya harbo. Safar hannun nan da kake sawa don kada tafinka ya yi kanta, cire ta. Haƙori in ya kama zare, da hannun zai tafi.

Na san za ka kawo mini zancen SawStop, injin da ke jin fatar mutum ya tsayar da zarto cikin abin da bai wuce kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Gaskiya ne, yana yi, kuma da ina da shi a ranar da yatsuna suna nan. Amma birkinsa ba ya hana katako harbowa, shi ya sa shi ma da wannan ƙarfen yake zuwa a bayan zartonsa.

Tashi ka cire filogi, ka ɗauko ƙarfen inda ka jefa shi a ƙarƙashin benci, ka ɗaura. Ka aza ruli a jikin zarto ka ga sun yi layi ɗaya. Kada ka kunna sai na zo na gani.