Fuskar amarya ta saɓe, mai jari kuma tana neman kuɗinta: ina mafita?

Tambaya: Salamu alaikum Barista. Ni matar aure ce a Tudun Wadan Zariya. Shekara biyu ke nan da na fara sana'ar gyaran jiki a gida: dilka, halawa da turaren jiki. Daga baya na ƙara da haɗa man shafawa da shayin rage ƙiba, ina tallarsu a WhatsApp. Yayar mijina ce ta ba ni jarin naira 600,000, muka yi da baki cewa za mu riƙa raba riba biyu. Watan jiya wata amarya ta shafa man da na haɗa, fuskarta ta yi jawur ta saɓe ana saura kwana biyar biki. Magana ta bazu, ciniki ya tsaya cak. Danginta suna neman kuɗin asibiti, sun ce za su kai ni NAFDAC. Yaya kuma ta ce in mayar mata da jarinta cif, ko ta haɗa ni da 'yan sanda. Ban yi rajistar komai ba. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba amarya lafiya, ke kuma ya kawo miki sauƙi. Na lura barazanar Yaya ce ta fi hana ki barci, to amma ita ce mafi sauƙi a cikin matsalolinki. Wadda ta fi nauyi tana jere a kan kantarki, cikin robobin nan marasa lakabi.

Yau ɗin nan ki daina sayar da man da shayin, ki sauke tallarsu. Amma kada ki zubar da su, kada kuma ki goge saƙonni. Ki ware roba biyu daga haɗin da amarya ta shafa, ki rubuta ranar da kika haɗa shi, da abin da kika zuba, da inda kika saro kowanne. Dokar rajistar abinci da magunguna ta 1993 ta hana a haɗa, a tallata ko a sayar da magani, kayan shafa ko abincin da aka sarrafa sai an yi masa rajista da NAFDAC, kuma ba ta cire mai haɗawa a kicin ɗin gidanta ba. Hukumar tana da ikon kwashe kaya, ta rufe wuri, ta gurfanar da mutum gaban kotu. Abin da ya fi damuna shi ne uwar man da kika yi haɗin da ita. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a suna saro farin mai ne a bokiti, ana auna musu da cokali, ba suna ba lamba. An haramta zaiba da sinadarin sitiroyid a kayan shafa, haidirokwinon kuma, wato sinadarin bilicin, ba a yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 ba. Idan aka kai robarki ɗakin gwaji aka sami ɗayansu, "ban sani ba" ba za ta wanke ki ba, domin ke kika haɗa, ke kika miƙa.

Sai kuma bakin talla. Dokar abinci da magunguna ta 1974 ta jero cututtukan da ba a yarda kowa ya tallata wa jama'a cewa kayansa na warkar da su ba. A ciki akwai ciwon suga, hawan jini, daji, ƙiba da raunin mazakuta. Ke nan rubutun da kika sa a ƙarƙashin hoton shayinki, idan ya ce yana narkar da ƙiba cikin mako biyu, shi kansa abin tuhuma ne ko da babu wanda shayin ya cutar.

Game da amarya, gaskiya ɗaya ce: tana da haƙƙi. Dokar kare masu saye ta 2018 ta ɗora alhakin cutarwar da kaya mai aibi ya jawo a kan wanda ya samar da shi, a shari'ar Musulunci ma wanda ya jawo ɓarna shi ke ɗaukar nauyinta. Shawarata ki riga su zuwa. Ki ɗauki wani dattijo na gidanku ku je, ku jajanta, ku nemi a kai ta wajen likitan fata, ko a asibitin koyarwa na Shika ko wani wurin da suka amince da shi. Takardar likita za ta amfane ku duka biyu, domin ita za ta nuna girman raunin, da ko akwai wani abin da ta haɗa da shi ta shafa. Abin da kuka daidaita a kai, a rubuta shi: nawa aka biya, na mene ne, da cewa da wannan an rufe maganar diyya, shaidu biyu su sa hannu. Kada ki tura kuɗi kaɗan-kaɗan ta waya ba tare da takarda ba. Na sha ganin wanda ya biya sau uku a haka, a na huɗun aka kai shi kotu. Ki kuma sani cewa sulhunku bai ɗaure hannun NAFDAC ba, sai dai wanda aka ɗauke wa nauyin asibiti cikin mutunci ba kasafai yake neman ofishin hukuma ba.

Yanzu maganar Yaya. Yarjejeniyar baki yarjejeniya ce, wahalarta wajen kafa hujja take. Abin da kika bayyana, ita da kuɗi ke da aiki riba a raba, shi ne malamanmu na Malikiyya ke kira ƙiradi, wasu su ce mudaraba. Hukuncinsa a fili yake: riba a raba bisa kason da aka yi, asara kuwa a kan mai dukiya take, ke taki asarar ita ce wahalarki da ta tafi a banza. Mai aiki amintacce ne, ana karɓar maganarsa a kan asara tare da rantsuwa. Don haka Yaya ba ta da ikon cewa jari ya dawo cif don kawai kasuwa ta juya baya. Ba rance ta ba ki ba. Duk wani saƙon murya ko alat ɗin banki da ke nuna kin taɓa tura mata rabonta na riba, ki adana shi, shi ne zai nuna ƙiradi ne idan ta ce bashi ne.

Sai dai a nan ne robobin nan za su sake biyo ki. Amanar mai aiki tana faɗuwa idan ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka yi da shi. Idan jarin dilka da halawa ta ba ki, kika shiga haɗa mai ba da saninta ba, alƙali zai iya cewa wannan ɓangaren asarar naki ne. Idan kuwa da saninta, har tana tallata wa ƙawayenta a wajen biki, ƙafarki ta yi ƙarfi. Ke kaɗai kika san wanne ne, kuma ki gaya wa lauyanki gaskiyarsa tun kafin a shiga kotu.

Batun 'yan sanda kada ya firgita ki. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana a kama mutum don kawai saɓa yarjejeniya ko rikicin kuɗi tsakanin mutum da mutum. Wurin wannan magana kotun shari'ar Musulunci ce ko kotun farar hula. Idan aka gayyace ki, ki je tare da lauya, kada ki sa hannu a takardar alkawarin biya a caji ofis. Amma yayar miji ce, gobe a gidan suna ɗaya za ku zauna, saboda haka na fi so maigida ya zaunar da ku. Ki zo da littafin cinikinki ko da ya sha mai, a ƙirga kayan da suka rage da bashin da kike bi, a ga abin da ya saura na jari.

Idan ƙura ta lafa kina son ci gaba, kuma ina ganin ya kamata, tunda hannunki a dilka bai taɓa cutar da kowa ba, ki fara da rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba da kwana 28 daga fara sana'a ga mai amfani da sunan da ba nasa na yanka ba. Rajistar suna ba ta raba aljihunki da bashin sana'a. Kamfani ne ke yin haka, kuma yanzu mutum ɗaya ma yana iya kafa shi. Lambar CAC ba lambar NAFDAC ba ce, kowane kaya da tasa rajistar, kuma jami'an NAFDAC za su zo su duba inda kike haɗawa. Suna da ofis da ɗakin gwaji a Kaduna. Haɗin gargajiya kuwa, lambar farko da suke bayarwa tana nufin an gwada ba a ga cutarwa ba, ba wai an tabbatar yana magani ba, don haka ko kin same ta sai kin auna abin da za ki rubuta a jikin roba.