Tambaya da Amsa: Me ya sa shirin Young Justice ya yi ta ɓacewa daga talabijin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Tun ina makarantar sakandare nake bibiyar fim ɗin zane na Young Justice, wanda ke ba da labarin matasan jarumai almajiran su Batman da Flash da Aquaman. Abin da ya riƙa ɓata mini rai shi ne, sai labari ya ɗauki zafi sai a daina kawo sababbin fitowa, a koma maimaita tsofaffi, har na zaci matsalar ta mu ce da muke kallo daga nesa. Kwanan nan wani abokina ya ce ko a Amurka haka aka yi ta fama. Shin gaskiya ne, kuma laifin wa ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Abokinka ya faɗa maka gaskiya, domin tangarɗar ta samo asali ne daga tashar Cartoon Network ta Amurka, wadda ita ce ta fara haska shirin.

Greg Weisman da Brandon Vietti ne suka tsara shirin a ƙarƙashin kamfanin Warner Bros., aka kuma fara nuna shi ranar 26 ga Nuwamba, 2010, da fitowa biyu a haɗe. A watan Janairun 2011 ya fara zuwa mako-mako a daren Juma'a, amma da aka kai fitowa ta 9 ranar 11 ga Maris sai aka yi shiru, ba a ga ta 10 ba sai 16 ga Satumba, wato bayan wata shida cur. Daga nan aka tafi har fitowa ta 18 a tsakiyar Nuwamba, aka sake tsayawa, sannan aka dawo ranar 3 ga Maris, 2012, wannan karon da safiyar Asabar, a cikin wani rukunin shirye-shirye da tashar ta raɗa wa suna DC Nation. Zango na farko mai fitowa 26, wanda da an bi shi mako-mako zai ƙare cikin wata shida, sai da ya ci kusan wata 17 kafin a rufe shi ranar 21 ga Afrilu, 2012.

Dalilin da ya sa wannan jinkiri ya fi yi wa Young Justice illa a kan sauran finafinan zane yana cikin yadda aka rubuta shi. Yawancin shirye-shiryen yara kowace fitowa cin gashin kanta take yi, ko ka rasa uku ka dawo ba abin da ya shige maka duhu. Shi kuwa wannan labari ne guda a jere, har ana rubuta sunan wuri da kwanan wata da ƙarfe nawa a jikin allo duk lokacin da aka sauya fage, kuma zangon farko gaba ɗaya ya faru ne tsakanin 4 ga Yuli da ranar sabuwar shekara. Ka ɗauki batun maci amanar da ke cikin ƙungiyar. A fitowa ta 6, wadda aka haska a Fabrairun 2011, miyagun nan da ke kiran kansu The Light suka ambata cewa suna da nasu a cikin jaruman, zargi kuma ya riƙa yawo a kan Artemis da Superboy da Miss Martian, domin kowannensu yana da sirrin da yake ɓoyewa. Ba a warware ko wane ne ba sai a fitowa ta 25, a Afrilun 2012. A cikin labarin watanni kaɗan ne tsakani, amma mai kallo sai da ya jira wata 14, kuma yaro ɗan shekara goma ba zai riƙe wata magana da aka yi cikin daƙiƙa ashirin har tsawon wannan lokaci ba. Marubutan sun shuka alamu da dama don mai lura ya gano amsar da kansa, jadawalin tashar kuwa ya sa akasarin masu kallo suka manta da su kafin a zo wurin da za su yi amfani.

Zango na biyu, mai suna Invasion, shi ya fi shan wahala. Ya fara ranar 28 ga Afrilu, 2012, mako guda bayan ƙarewar na farko, kuma ya tsallake shekara biyar a cikin labarin, Dick Grayson ya bar sunan Robin ya zama Nightwing, sababbin fuskoki suka cika ƙungiyar, Aqualad kuma, wanda shi ne shugaban ƙungiyar a zangon farko, ya bayyana a ɓangaren abokan gaba. Mai kallo yana ƙoƙarin gane inda aka dosa ke nan sai aka tsaya bayan fitowa 7 a watan Yuni. Aka dawo ranar 29 ga Satumba, aka nuna biyu kacal. A safiyar Asabar 13 ga Oktoba, mutane suka kunna talabijin suna jiran fitowa ta 10, wadda an riga an sanar da ita a jadawali, sai suka tarar da wani shirin dabam na dodanni masu tashi a gurbinta. Tashar ta ɗauke rukunin DC Nation baki ɗaya ba tare da sanarwa ba, har ma'aikatan shirin sun nuna cewa su ma ba su da labari, sai daga baya aka fitar da gajeren saƙo cewa za a dawo a Janairu. Abin takaicin ma, fitowar da aka hana nunawa ta fito a kasuwar iTunes na ɗan lokaci, waɗanda suka yi sauri suka saya, sauran kuma suka zauna jira har 5 ga Janairu, 2013. A ganina wannan rana ita ce mafi muni a tarihin shirin, domin hutun da aka sanar da shi ana iya haƙuri da shi, amma wanda aka yi alkawari aka saɓa yana koya wa mai kallo ya daina dogara da tashar.

Game da laifin wa ne, ba na ɗora shi a kan marubuta. Gaskiya ne cewa haɗa fim ɗin zane yana cin lokaci, ana rubutu da ɗaukar murya a Amurka, a aika aikin zanen Koriya ta Kudu, a dawo da shi a gyara, kuma fitowa guda tana ɗaukar watanni da yawa. Wannan na iya zama uzurin wani ɓangare na hutun farko. Amma ba zai zama uzurin na Oktoban 2012 ba, tunda fitowar a kammale take har ta shiga kasuwa. Tsara ranar haskawa aikin tasha ne, kuma ita ta sauya wa shirin rana, ita ta yanka zango biyu gida shida.

TAMBAYA: Malam, na karanta a Facebook cewa an dakatar da shirin ne saboda 'yan mata sun fi maza kallonsa. A matsayina na mace mai son shirin, abin ya sosa mini rai. Haka ne? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

AMSA: Malama, wannan magana tana da tushe, sai dai an ɗora ta inda ba nan ne mazauninta ba. A 2013 marubuci Paul Dini ya yi hira da mai shirya finafinai Kevin Smith, inda ya koka cewa wasu shugabannin tashoshi ba sa murna da yawan 'yan mata a cikin masu kallo, wai don ba sa sayen kayan wasan da ake yi wa maza. Daga nan mutane suka ɗauka cewa shi ne dalilin rufe Young Justice. Greg Weisman ya musanta hakan, kuma bayanin da ya bayar shi ne cewa kuɗin yin shirin yana ɗaure da yarjejeniyar kayan wasan yara da kamfanin Mattel, da cinikin ya gaza sai Mattel ya daina yin su, kuɗin ya yanke. An nuna fitowa ta ƙarshe ranar 16 ga Maris, 2013, aka rufe da Vandal Savage na The Light yana gaisawa da wani babban mugu mai suna Darkseid, alamar cewa babban yaƙin bai ma fara ba. Shirin Green Lantern, wanda suke rukuni ɗaya, shi ma a lokacin aka rufe shi, Teen Titans Go! da Beware the Batman suka gaje su. Ina ganin tambayarki da ta ɗan'uwanmu na Zariya suna haɗuwa a nan, domin da wuya yaro ya matsa wa mahaifinsa ya saya masa mutum-mutumin jarumin da ya yi wata shida bai gani a talabijin ba.

TAMBAYA: To yaya aka yi ya dawo, kuma ya dace in bar ƙannena su kalla? Daga wani mai karatu a Kumasi.

AMSA: Masoyansa ne suka dawo da shi. Da aka sanya zango na biyu a Netflix, suka yi gangami a 2016 suna kallo suna maimaitawa don kamfanin ya ga yawansu, kuma a Nuwamban shekarar Warner Bros. ya sanar da zango na uku. Zangon, mai suna Outsiders, ya fito ranar 4 ga Janairu, 2019, a manhajar DC Universe, wadda a lokacin a Amurka kaɗai take aiki, an kuma raba shi biyu, rabi a Janairu, rabi daga Yuli zuwa Agusta. Zango na huɗu, mai suna Phantoms, ya biyo baya a manhajar HBO Max daga Oktoban 2021 zuwa Yunin 2022, shi ma da hutun wata uku a tsakiya, sai dai waɗannan an sanar da su tun da wuri. Jimillar fitowa 98 ke nan. Zango na ɗaya da na biyu an yi su ne don tashar yara, ƙannenka za su iya kallo kana kusa da su. Na uku da na huɗu kuwa an yi su ne don waɗanda suka girma da shirin, akwai zubar da jini a fili da batutuwan manya kamar safarar mutane da ciwon damuwa, don haka ka fara kallonsu kai kaɗai kafin ka yanke shawara a kan yaran.