Me ya sa ake haɗa gwozar sukari da kashin dabbobi wajen samar da gas?

Tambaya: Na ji ana adana gwozar sukari (wata saiwa mai zaƙi da ake yin sukari da ita) a rufe har ta yi tsami, sannan a cakuɗa ta da kashin shanu a samu iskar gas. Ita kaɗai ba ta wadatarwa?

Amsa: Ba ta cika wadatarwa ba. Gwozar tana narkewa cikin ƴan kwanaki saboda yawan sukarinta, kuma idan aka cika ta a tankin da ake samar da gas ɗin, tsami yakan rinjayi ƙwayoyin halittar da ke fitar da iskar metan (wato gas ɗin da ke kama wuta), aikin ya tsaya cak. Kashin shanu shi ke daidaita wannan tsamin, musamman idan zafin tankin yana kusa da digiri 37. Amma a wanke ƙasar da ke jikin gwozar sosai, domin yashi yakan kwanta a ƙasan tanki ya toshe bututu.