Me "Vill." Ke Nufi A Ƙarshen Sunan Tsiro?

Tambaya: Assalamu alaikum Malamai. Ni ɗalibar ilimin tsirrai ce. Na ga an rubuta Berardia subacaulis Vill. Wane ne Vill., kuma wane irin tsiro ne wannan?

Amsa: Wa alaikis salam, 'yar'uwa. Taƙaitaccen sunan Dominique Villars ne, likita Bafaranshe da aka haifa a 1745, ya rasu a 1814. Ya yi shekaru yana hawa tsaunukan Alps na kudu maso gabashin Faransa yana tattara tsirrai, kuma shi ya raɗa wa wannan suna a 1779, don girmama Pierre Bérard, wani mai haɗa magunguna na birnin Grenoble.

Tsiron kuwa abin kallo ne. Kusan ba shi da kara, ma'anar subacaulis ke nan. Ganyensa faffaɗa ne, lulluɓe da farin gashi kamar auduga, kwance a kan tsakuwa, furen ɗaya tilo a tsakiya. Gashin nan yana rage ƙafewar ruwa daga iska da zafin rana. Saiwarsa doguwa ce, tana ratsa tsakuwar gangare mai zamewa, shi ya sa in aka tumɓuke shi don dashe sai ta tsinke ya mutu. Ƙasa mai riƙe ruwa ma ruɓar da shi take yi.

Ki kula wajen rubutu, a nan ɗalibai ke tuntuɓe: Berardia da babban harafi, subacaulis da ƙarami, duka a karkace, amma Vill. a miƙe, da ɗigonsa.