Amsar Tambayarki Kan Tuta da Kayan Kanti

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara, na ga saƙonki, kuma na lura tambaya biyu kika haɗa a cikinsa. Kin ga hoton da na turo na ranar 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin kan Amurka, inda autata take sanye da riga mai zanen tutar Amurka, ga kuma 'yar ƙaramar tuta a soke cikin tukunyar fure a bakin taga, sai kika ce ko mun zama Amurkawa ke nan har da kafa tuta. Sannan kika ce tunda kin ji ana cewa kaya suna araha a manyan kantunan nan idan zafi ya shigo, ko zan iya haɗo wa 'yarmu kayan ɗakinta daga nan kafin bikin Disamba. Na ƙi amsa miki ta waya ne domin maganar tana da tsawo, kuma rigar mai zanen tutar da tukwanen da kike tambaya duk daga wuri ɗaya suke fitowa.

Irin kantin da nake nufi, ki ɗauke shi kamar Sahad ko Jifatu, sai dai ki ninka girmansa sau da yawa. Kowane hawa da abin da ake sayarwa a cikinsa: nan tufafin mata, can na maza da na yara, sama kuma zannuwan gado da labule da tukwane da faranti. Mafi shahara a New York shi ne Macy's na titi na 34, wanda yake wurin tun 1902, ya kusan cinye layi guda sukutum, har yanzu ma akwai tsofaffin matakalai na katako masu tafiya da kansu a cikinsa. Amma mu mutanen yankin Bronx na birnin ba kasafai muke wahalar da kanmu zuwa can ba. Akwai kantin Target kusa da filin wasa na Yankee, akwai jerin kantuna a titin Fordham, kuma nan ne za ki haɗu da matan Hausawa ranar Asabar, 'yan Ghana da 'yan Nijar da mu 'yan Najeriya, kowacce tana tura keken zuba kaya, ana gaisawa ana tambayar juna inda aka yi ragi.

Abin da ya fi ba ni wuya a farkon zuwana shi ne rashin ciniki. Ke kin san yadda muka taso a Kwari: a faɗi kuɗi, ki taya, a ce albarka, ki juya kamar za ki tafi, a kira ki a sallama. A nan kuɗin kowane kaya yana manne a jikinsa, yarinyar da ke karɓar kuɗi ba ta da ikon rage ko sisi, kuma ba ta san mai kantin ba balle ta roƙar miki alfarma. Sai da na yi shekara biyu kafin wata dattijuwa 'yar Kumasi ta fahimtar da ni cewa akwai ciniki, amma da kalanda ake yinsa. Wadda ta san watan da ake sayen kowane abu, ita ce ta iya taya kaya a ƙasar nan.

Ga yadda lissafin yake tafiya. Kayan zafi suna fara fitowa tun Maris da Afrilu, lokacin da muke cikin rigunan sanyi, kuma a sannan kuɗinsu a cike yake, mai hankali kallo kawai take yi ta wuce. Ragi na farko yana zuwa ne a Litinin ta ƙarshen Mayu, ranar da suke tunawa da sojojinsu da suka mutu a yaƙi, wadda kuma suke ɗauka a matsayin buɗe lokacin zafi. Na biyu yana zuwa da bikin 'yancin kai na 4 ga Yuli. Da zarar an tashi daga wannan biki, kanti ya gama da bazara a zuciyarsa ko da rana tana ƙuna a waje, domin yana neman wurin da zai jera jakunkuna da littattafan komawa makaranta, daga baya kuma rigunan sanyi. Daga tsakiyar Yuli zuwa Litinin ta farkon Satumba, ranar ma'aikata, sai a tattara abin da ya rage a tura shi can ƙuryar kanti, a manna masa takardar ragi a kan ta baya, wani lokaci har sau uku. Idan kika ɗaga takardun da farce za ki ga tarihin faɗuwar kuɗin rigar tun daga farko. A wannan ƙurya muke saya wa yara kayan baɗi, muna ƙara girman shekara guda, kuma daga nan yawancin tsarabar da nake kawo muku take fitowa, tunda abin da Ba'amurke yake ganin lokacinsa ya wuce, a Kano ana sa shi kusan duk shekara.

Kada ki ɗauka zafin nan wasa ne don kin saba jin labarin ƙanƙara. A Yuli yakan wuce digiri 32, ga gumi mai danƙo irin na Legas, ga gidajen bene da aka gina don riƙe ɗumi, rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas da rabi. Shi ya sa fanka da na'urar sanyaya ɗaki wadda ake ɗorawa a taga su ne kaɗai abin da ba ma jira a yi musu ragi, domin ranar da zafi ya tsananta ba za ki samu ko ɗaya a kanti ba.

Inda muke shan wahala shi ne suturar mata. Su a wurinsu kayan zafi yana nufin rage yadi: gajeren wando, riga marar hannu, siket da bai kai gwiwa ba. Mace irina sai ta zagaya hawa guda kafin ta samu doguwar riga, idan ta samu kuma ta ɗaga ta sai ta tarar an tsaga gefenta har cinya, ko bayanta a buɗe. Dabarar da muka koya ita ce haɗawa. Ana sayen dogon siket mai faɗi daga nan, riga mai dogon hannu ta auduga marar nauyi daga can, a ɗora wata buɗaɗɗiya a sama, sannan mayafi daga shagunan Larabawa ko na mutanenmu. Na fi shan fama da babbar 'yata, wadda ta shiga sakandare. Bara mun tsaya ni da ita a bakin ɗakin gwaji kusan rabin awa a kan wata riga mai ruwan ƙwai, ita tana cewa duk ƙawayenta suna da irinta, ni ina cewa hannun bai sauka ba. A ƙarshe mun sayi rigar, muka ƙara wata fara mai dogon hannu da za ta riƙa sawa a ciki, kowa ya fito yana ganin shi ya yi nasara. A ganina irin wannan sasantawa ta fi hani, domin yarinyar da aka hana komai takan koyi canza kaya a bayan gida na makaranta.

Kayan Sallah kuwa kanti bai san da su ba. Daga 2023 zuwa 2025 Babbar Sallah ta faɗo cikin Yuni, daidai lokacin da kantuna suke cike da ja da fari da shuɗi, amma shadda da leshi da atamfa sai dai a titi na 116 a Harlem, ko a shagunan mutanenmu na Bronx, ko a aiko daga gida, a kai wa tela ɗan Senegal ko ɗan Gini ya ɗinka. Takalman yara da singileti da safa ne kawai muke ɗaukowa daga kanti.

Yanzu ga maganar tuta. Na gane dalilin mamakinki, domin a wurinmu tuta ta ofishin gwamnati ce da makaranta da motar gwamna, wadda kuma ake gani a ƙofar gida yawanci ta jam'iyya ce lokacin zaɓe. A nan kuwa kayan gida ce kamar labule. Tana da taurari 50 na jihohinsu da ratsi 13 na yankunan da suka ɓalle daga Ingila a 1776, kuma daga ƙarshen Mayu, a bi ta ranar tuta ta 14 ga Yuni, har zuwa 4 ga Yuli, za ki gan ta tun daga bakin ƙofar kanti: manya na ratayewa, ƙanana na riƙewa, sannan zanenta a jikin riguna da huluna da silifa da farantin takarda. Abin dariya shi ne ƙa'idar da suka rubuta kan girmama tuta ta ce kada a mai da ita tufafi, amma ba a hukunta kowa a kai, kuma kantin Old Navy duk shekara sai ya fito da sabuwar rigar tuta mai araha. Irinta ce kika gani a jikin autata. Ranar za mu je kallon wasan wuta ne, duk yaran layinmu da irinta, ita kuma a nan aka haife ta, ba ta san wata ƙasa da za ta kira tata kamar wannan ba.

Tutar bakin taga kuma tawa ce. Ita aka miƙa mini ranar da na yi rantsuwar zama 'yar ƙasa, kamar yadda ake ba kowa. Wata rana iska ta kayar da ita, sai wani tsoho maƙwabcinmu, tsohon soja, ya tsince ta ya kaɗe ƙurar ya hawo har ƙofarmu ya kawo mini, yana yi mini bayani a hankali cewa ba a barin tuta ta taɓa ƙasa. Tun daga ranar muke gaisawa, kuma duk Sallah sai na aika masa da nama.

Ba zan ɓoye miki ba, mu kanmu ba bakinmu ɗaya a kan wannan ba. Akwai waɗanda ba sa yarda tutar ta shiga gidansu saboda yaƙe-yaƙen da ƙasar ta yi a ƙasashen Musulmi, kuma ban taɓa ganin laifinsu ba. Akwai dattawan da suke tuƙa tasi a 2001, waɗanda suke ba da labarin yadda bayan harin 11 ga Satumba suka maƙala tuta a mota don neman tsira daga zagi da duka, su kam har yau idan suka gan ta wancan tsoron suke tunawa. Akwai kuma irina, masu ganin cewa wanda yake biyan haraji yake jefa ƙuri'a, 'ya'yansa kuma suna samun hutun Sallah a makarantun gwamnati na birnin, yana da haƙƙi a tutar kamar kowa. Tutocinmu na gida ba a sayar da su a manyan kantuna. Kore-fari-kore sai a hannun masu talla a gefen titi lokacin faretin 'yan Najeriya na farkon Oktoba, ta Ghana kuma takan cika Bronx idan ana gasar ƙwallon duniya. Idan muka fita gashin nama a lambun shaƙatawa, ba abin mamaki ba ne ki ga tuta uku ko huɗu a kan tebur ɗaya, masu su kuma duk Hausa suke yi.

Game da kayan ɗakin 'yarmu, shawarata ita ce kada mu yi, sai 'yan abubuwa kaɗan. Duk abin da ake jonawa da wuta ki cire shi daga lissafi, domin ƙarfin wutarsu bolt 120 ne, tamu kuwa ta ninka haka. Kin tuna injin markaɗen da na kawo wa Inna, wanda ya yi ƙara sau ɗaya ya fitar da hayaƙi tun kafin tattasai ya niƙu? Laifina ne, ban karanta jikinsa ba. Zanen gado ma da matsalarsa, musamman mai roba a gefe: babban gadonsu inci 76 ne a faɗi da 80 a tsawo, mai bi masa 60 da 80, alhali katifarmu da ƙafa ake aunata, shida da shida ko shida da bakwai, sai ki ga zanen ya yi yawa ta nan ya gaza ta can. Ga nauyi: yawancin jirage akwati biyu suke ba mutum, kowanne kilo 23, saitin tukwane guda kuwa ya isa ya cinye rabin ɗaya. Ga haraji, wanda ba a rubuta shi a jikin kaya sai an zo biya. A birnin New York tufafi da takalmi da kowannensu bai kai dala 110 ba babu haraji a kansu, amma tukunya da labule da faranti ana ɗora musu kusan kashi 9 cikin ɗari. Bayan duk wannan, idan kika juya gindin tukunyar sau da yawa za ki ga a Sin aka ƙera ta, tawul ɗin kuma daga Indiya ko Pakistan, wato ƙasashen da 'yan kasuwar Kano suke zuwa da kansu. Idan aka juya dala zuwa naira aka haɗa da kuɗin dako, arahar ta gudu.

Akwai kuma tarkon da nake gargaɗin duk sabuwar zuwa a kansa. A wurin biya sukan yi miki tayin katin bashi na kantin, su ce za a rage miki wani kaso nan take. Na taɓa karɓa a wani kanti saboda labule, ban san cewa idan wata ya ƙare ba a biya duka ba kuɗin ruwa mai nauyi yake hawa ba. Ban da asarar, ga damuwar riba da ta hana ni sukuni, sai da na biya na rufe katin na samu natsuwa. Abin da na yaba musu shi ne mayar da kaya: muddin rasit yana hannunki kuma wa'adin bai wuce ba, za su karɓa su ba ki kuɗinki ba tare da ɓacin rai ba, shi ya sa kowacce a cikinmu take da ambulan na rasit a jakarta.

Abin da zan iya kawowa, kuma na ga ya cancanci nauyinsa, shi ne tawul masu kauri, da saitin wuƙaƙe da cokula masu kyau, da bargo marar nauyi, da zannuwan gado marasa roba waɗanda za su hau kowace katifa. Zan jira ragin farkon Satumba in saya. Kafin nan ki sa a auna katifar da kuka yi oda da inci, faɗi da tsawo da kauri, ki kuma tambayi amaryar launin labulen da ta zaɓa don tawul ɗin su dace da shi. Ki turo mini lambar takalman yaran gidan duka, ta Turai da kuke amfani da ita, ni zan juya ta zuwa ta nan. Ki gaishe mini da Inna da kyau, ki ce mata injin markaɗenta a Sabon Gari za a saya wannan karon.

Ƙanwarki.