Daga Zion zuwa Arches da motar RV: ka fara auna motar kafin ka buɗe taswira

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce za ka yi hayar motar tafi-da-gidanka, wato RV, mai tsawon ƙafa 30 daga Las Vegas a watan Oktoba, kai da iyali da Hajiya mahaifiyarka, kuna son zaga gandayen shaƙatawa na Zion da Bryce da Arches a jihar Utah ta Amurka, kana neman hanyar da ta fi kyan kallo wadda kuma ba za ta ba babbar mota wahala ba. Na bi hanyoyin nan da irin motar, ga abin da zan ce.

Kafin komai, ranar da za su miƙa maka makulli ka sa su faɗa maka tsayin motar daga ƙasa zuwa saman na'urar sanyaya ɗaki, da faɗinta har da madubai. Rubuta a takarda ka manna kusa da sitiyari. Taswirar waya ba ta san da abin da kake tuƙawa ba, gajeriyar hanya kawai take nema, kuma a jihar Utah gajeriyar hanya sau da yawa ita ce ta cikin dutse.

Daga Las Vegas zuwa Zion ba matsala. Babbar hanya ce, lamba 15, sai ka ratse zuwa lamba 9 har garin Springdale, ƙofar gandun Zion. Ka ajiye motar a wurin kwananku, domin a wannan lokacin bas ɗin gandun ne kaɗai ke shiga cikin kwarin, kuma kyauta ne. Sansanin kwana na Watchman da ke cikin gandun yana da wutar lantarki, amma ana buɗe rajistarsa wata shida kafin lokaci a shafin intanet na Recreation.gov, kuma nan da nan yake cika.

Matsalar tana wajen fita ta gabas. Akwai rami da aka huda cikin dutse tun 1930, tsawonsa ya ɗan haura mil ɗaya, an gina shi ne daidai motocin wancan zamanin. Shekara da shekaru, duk motar da ta kai ƙafa 7 da inci 10 a faɗi, ko ƙafa 11 da inci 4 a tsayi, sai ta biya dala 15 a tsayar da masu zuwa daga ɗaya ɓangaren ta bi ta tsakiya. Hukumar gandun ta sanar da cewa daga tsakiyar 2026 motocin da suka wuce wannan awo ba za su bi hanyar ba sam. Taka mai ƙafa 30 kusan tabbas ta wuce shi. Don haka ka cire ramin daga lissafi: ka koma baya zuwa lamba 15, ka yi arewa, ka wuce Cedar City, ka ɗauki lamba 20 zuwa 89, ka sauko Panguitch, garin da ke kusa da Bryce. Ƙarin awa ɗaya da wani abu ne. Waya za ta iya nuna maka lamba 14 ko 143 a matsayin yanke. Kada ka yarda, musamman 143 ta Brian Head, gangararta ta kai kashi 13 cikin ɗari.

Bryce yana kan tudu, sama da ƙafa 8,000. A Oktoba da rana lafiya lau, da dare ruwa kan daskare. Ku cire tiyon ruwa kafin ku kwanta, ku tabbatar tukunyar gas a cike take saboda ita ke ɗumama ɗaki, Hajiya kuma a tanadar mata bargo na gaske. Ta ɗan yi haki in ta yi tafiya, iskar wurin ce ba ta da kauri.

To, yanzu ainihin tambayarka. Daga Bryce zuwa Torrey, ƙofar gandun Capitol Reef, hanya biyu ce. Ta farko lamba 12, wadda gaba ɗayanta mil 120 da ɗoriya ce, kuma ni dai ban ga wadda ta kai ta kyau a yankin ba. Jan dutse, sai farin dutse shimfiɗe iya ganinka, sai kuma ka tsinci kanka cikin daji mai dogayen itatuwa, a lokacin da za ku je wataƙila ganyensu ya koma ruwan ɗorawa. Kwalta ce daga farko har ƙarshe, manyan motoci na bin ta kullum. Amma tsakanin Escalante da Boulder akwai wurin da ake kira Hogback, inda titin ya hau kan ƙashin bayan dutse, rami dama rami hagu, babu shingen ƙarfe. Kusa da Calf Creek hawa da gangara suna kai kashi 14 cikin ɗari. Garin Boulder ɗin nan, saboda wuyar wurin, har wajen 1940 da alfadari ake kai musu wasiƙa. Bayan shi sai ka hau Boulder Mountain zuwa ƙafa 9,600, ka sake saukowa. Wanda ya san Hawan Kibo a hanyar Jos ya san irin natsuwar da ake buƙata, sai dai wannan ya fi shi tsawo.

Ni shawarata ka bi 12 ɗin, da sharaɗi. Ka tashi da safe, ka ba ta yini guda, kada dare ya same ka a kai saboda barewa da shanu na tsallaka titi. A gangara ka sa ƙaramar giya tun daga sama, injin ya riƙe motar. In ka ɗora ƙafa kan birki ka bar ta, zai yi zafi ya daina kamawa; taka shi da ƙarfi, saurin ya ragu, ka saki. In ka ji ƙauri, tsaya a gefe ya huce. In motoci sun taru a bayanka, shiga wurin ratsewa su wuce, kai ma ka samu kallon da direba ba ya samu yana tuƙi.

Idan kuwa wannan ne karonka na farko da babbar mota, ko an yi hasashen dusar ƙanƙara ko iska mai ƙarfi, ko Hajiya ba ta jure ganin rami ta taga, ba abin kunya ba ne ka bi ta biyu: 89 zuwa arewa, sai 62, sai 24 ta Loa da Bicknell. Gonaki ne da kwari, hankali kwance. Washegari ka iya leƙa Boulder Mountain daga Torrey ka juyo inda ranka ya so.

Kada ku wuce Capitol Reef a guje don bai cikin jerinku. Lamba 24 ta ratsa tsakiyarsa, kuma a Fruita akwai lambunan tuffa da sauran 'ya'yan itace da mazauna farko suka dasa tun ƙarshen ƙarni na 19, ana barin baƙi su tsinka in lokacinsu ne. Yara za su ji daɗinsa. Sansanin wurin ba lantarki, amma akwai inda ake zubar da ruwan bayan gida a cika tanki.

Daga nan sauƙi ne: Hanksville, babbar hanya lamba 70, Green River, sai 191 zuwa Moab, garin da ke kusa da ƙofar Arches. Ka sha mai a Torrey ko Hanksville, kada tanki ya sauka ƙasa da rabi, waya ma ba ko'ina take kamawa ba, sai ka sauke taswira tun daga gari. In wani ya ba ka shawarar Burr Trail ko Moki Dugway, ka yi masa godiya kawai. Hanyoyi ne masu kwana-kwana mai kaifi a kan tsakuwa, kuma galibin kamfanonin haya sun hana sauka daga kwalta. Arches kuma ka duba shafinsu ko ana buƙatar tikitin lokacin shiga, sun fara tsarin a 2022 kuma yana sauyawa shekara-shekara.

Naman halal ku saya a Las Vegas ku cika firji, don ƙananan garuruwan nan ba za ku samu ba. Ka turo mana awon motar in ka karɓa, a sake duba hanyar tare. Allah Ya kai ku lafiya, a gaishe da Hajiya.